Tafiyar Garwa da Ƙaramar Ƙofar Bayan Gida

Tun da ku 'ya'yana kuka fara maganar yi wa gidan nan siminti nake jin kuna cewa a toshe ƙaramar ƙofar bayan gida, wai ba ta da amfani, awaki kawai ke shigowa ta nan. Na yi shiru na bar ku, don kowa na magana ne a kan abin da ya sani. Na kuma ji jikokina suna cika baki a lakwal, wato makaranta, wai kakansu ya hau keke daga Damagaram har ƙasar Kamaru don ya yi wa 'yarsa tafi a filin ƙwallo. Labarin da daɗi, har ni kaina wani lokaci nakan so in yarda da shi. Amma ba haka aka yi ba, kuma ba na so in shiga kabari da yabon da ba nawa ba. Ƙofar nan da tafiyar nan magana ɗaya ce, shi ya sa na ce a ba ni takarda.

Kun san yayarku ita ce 'yar farinmu. Ku 'yan yanzu kuna ɗora ɗan fari a wuya kuna kiran sunansa a tsakiyar kasuwa, mu ba haka muka tashi ba. Ɗan fari kunyarsa ake ji. Ba a faɗin sunansa, ba a wasa da shi a gaban mutane, ba a zama a yi doguwar hira da shi. Ni "yarinyar nan" nake ce mata, uwarku kuma takan ce mata "'yar gwaggonta". Ba ƙi ba ne, Allah ya sani. In ta yi zazzaɓi ni ne ba na iya cin tuwo, amma sai dai in aiki wani ya tambayo mini yadda ta tashi. Rumfata ta gyaran keke tana jikin zauren gidanmu na gado a unguwar Birni, kuma babu yaron unguwar da bai tsuguna a gabana ya ga yadda ake faci ba, ban da ita. Da ta kai shekara goma sha biyu, ƙanwata Gambo da ke aure a Garwa, can ƙasar Kamaru, ta zo ta ɗauke ta riƙo, kamar yadda aka saba yi da ɗan fari. Ranar da suka tafi ban raka su tasha ba. Na zauna ina ɗaure wayoyin wata taya da ba ta bukatar ɗauri.

Shekara bakwai aka yi sai gaisuwa ta bakin matafiya. Ran nan bayan la'asar yayana Alhaji Mamman ya kira ni zaure. Waɗanda ba su riske shi da ƙarfinsa ba su sani: shi ya riƙe gidan nan bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya saya mini kayan aiki na farko, shi ya yi mini aure. Mutum ne mai kamun kai, ba ya dariya da haƙora a waje, kuma in ya yi magana ba ya maimaitawa. Ya miƙo mini wani hoto da wani ɗan kasuwa ya kawo masa daga Kamaru. 'Yan mata ne jere cikin rigunan ƙwallo, ga yayarku a tsakiya, da dogon wando da ɗankwali, ta sa wasu manyan safar hannu ta rungume ƙwallo.

"Habu, ka san wannan?"

"Na san ta, Yaya."

"Kakanninmu sun kai fata har bayan hamada, ba a taɓa jin mace daga gidan nan ta tsaya gaban maza tana tsalle ba. Ka je ka dawo da ita. Wallahi in ka dawo babu ita, kada ka sake bin zauren nan ina raye."

Na ce to. Kada ku ɗauka tilasta mini ya yi. Ni ma raina ya ɓaci, kuma da a ce Garwa nan ƙauyen Gaffati ce, kusa da mu, da na isa kafin magariba na finciko ta.

To me ya kawo keke? Yaya ma ya tambaya, ya ce mota kwana biyu za ta kai ni. Na ce masa in na shiga mota kowa zai tambayi abin da ya faru, amma in na hau keke ba wanda zai yi mamaki, don duk Birni an san haukan Habu. Tun ina saurayi duk Lahadi nake buga keke zuwa Gaffati ko Hamdara ba don komai ba sai don in ga hanya, kuma na sha faɗa a rumfa cewa wata rana sai na ƙetare ƙasa a kansa. Sai a ce yawon buɗe ido na tafi, asirin gida ya rufu. Yaya ya yarda da wannan. Dalilin gaskiya kuwa yau zan faɗe shi. Tsoron isa nake ji. Yarinyar da ban taɓa yi wa magana goma a jere ba, ga shi doguwar maganarmu ta farko za ta zama faɗa. Hanya mai tsawo nake so, ko zan samu abin da zan ce.

Uwarku ta ɗaure mini kilishi da ƙuli-ƙuli da gumba a kariyar keken. Tana jan igiya ba ta dube ni ba ta ce:

"Malam, in ka je ka fara gani da idonka kafin ka yi magana."

"Ke kin sani ke nan tun da daɗewa?"

"Gambo na aiko mini da saƙo."

Ta ƙara ƙulli ɗaya ta shige ɗaki. Ban taɓa sanin akwai maganar da ake yi a gidana ta bayan kunnena ba sai ranar.

Bayan kaka ne, an gama yankan gero. Na yi azahar a Dogo, na kwana Magariya, washegari na isa iyaka. Wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya dubi takarduna, ya dubi keken, ya dubi furfurar gemuna.

"Baba, ina za ka da wannan tsohon ƙarfe?"

"Kamaru."

Ya kira 'yan uwansa su zo su ga abin kallo. Suka yi dariya har suka gaji, sannan shi da kansa ya cika mini gorata da ruwan sanyi.

Ba zan lissafa muku garuruwa ba, wasu ma na manta sunansu. Abin da ban manta ba shi ne girman ƙasar Allah. Ni da nake ganin duwatsun Birni su ne duwatsu, sai ga ni a ƙasar Bauci ina tura keke a gindin waɗanda gajimare ke zama a kansu. Duk inda rana ta yi sanyi in nemi masallaci, in yi sallama, a kai ni wurin mai gari, kuma ko sau ɗaya ban kwana da yunwa ba. Da safe kafin in tashi sai in tarar an jera mini kekunan ƙauyen, don an ga famfo da akwatin kayan aiki. In zauna in yi musu faci irin nawa, wanda na koya wurin maigidana a sana'a: a goge robar ciki da dutse, a shafa gam ɓangare biyu, a ajiye, a karanta Ƙulhuwallahu ƙafa bakwai ba da gaggawa ba, sannan a haɗa. Mai gaggawa yana haɗawa gam na ɗanye, faci ya tashi kafin ya kai kasuwa. Nawa ba ya tashi, wannan kam ba cika baki ba ne.

A Numan na ga kogi. Ku da kuka tashi kuna bin layin famfo da jarka kun san abin da ruwa yake a garinmu. Ni da buta ɗaya nake alwala in rage na wata sallar. Sai ga ni a kan gada, ruwa hagu, ruwa dama, yana ta wucewa ba mai tare shi, ba mai tsaye da bokiti. Na sauka na gangara bakin ruwan, na yi alwala, na sake yi, ba don ta farko ta karye ba. Wani masunci yana gyaran koma yana kallona, ya ɗauka ko wani abu ya same ni. Na zauna nan har inuwa ta juya. Na tuna duk wannan ruwan yarinyar nan ta gan shi tana 'yar shekara goma sha biyu, kuma ban taɓa tambayarta me ta gani ba.

Na shiga Garwa ran Lahadi bayan azahar, kwana na ashirin da uku da barin gida. Ya kamata in nemi gidan Gambo, amma maganar uwarku ta tsaya mini a rai. Na tambayi wani mai shayi a unguwar Hausawa inda 'yan mata ke buga ƙwallo. Ko mamaki bai yi ba, ya ce ai yau ma suna da wasa, ya nuna mini hanya. Fili ne na jar ƙasa a bayan wata makaranta. Na ja rawanina na rufe baki da hanci, na jingina keken a gindin wani itacen dogon yaro, na tsaya kamar mai wucewa.

Ba a fara wasan ba. A ƙarƙashin itacen 'yan mata uku sun tsuguna a kan wata ƙwallo da ƙaya ta huda. Sun farke ɗinkinta da basilla sun zaro robar ciki. Wata doguwa, da sarƙar kuros a wuyanta, ta ɗauki dutse ta goge wurin, ta shafa gam ɓangare biyu. Bakin mai sana'a ba ya iya shiru, sai na ji na ce:

"'Yata, kada ki haɗa yanzu, bar shi ya sha iska."

Ta ɗago ta yi murmushi, ta amsa da Hausar da ke ɗan karkacewa:

"Mun sani, Baba. Ƙulhuwallahu bakwai."

Na ce me ta ce? Ta maimaita.

"Ni ba Musulma ba ce, sai kaftin ɗinmu ta auna mini da addu'ar cocinmu, sau uku ta yi daidai. Ta ce haka babanta yake yi a Damagaram, kuma facinsa ba ya tashi. Duk ekip ɗinmu, ƙungiyar nan tamu, haka muke yi."

Ta sunkuyar da kai, leɓɓanta na motsi, ɗaya daga cikin sauran kuma tana ƙirga nata da yatsu. Ni kuwa na tsaya ina kallon facin. Na yi tafiyar kwana ashirin da uku, na ƙetare iyaka biyu, na zo na tarar da aikin hannuna ya riga ni isowa, a hannun 'ya'yan mutanen da ban san harshensu ba. Kuma wadda ta kawo shi ita ce kaɗai ban taɓa koya wa ba.

Aka busa usur. Na lallaɓa na tsaya bayan ragar da aka ce kaftin ke tsarewa. Mutane ba su kai na filin birni ba, amma akwai mata 'yan kasuwa da tirensu, akwai dattawa da huluna da carbi, ba wanda ya yi kama da ɗan iskan da na zo ina zato. Ta bayanta nake ganinta. Ta yi tsawo, kafaɗunta irin na mahaifiyata. Abin da ya fara girgiza ni muryarta ce. A gida ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, in ta kawo mini abinci rumfa ajiyewa take yi ta juya. Nan kuwa tana tsawa da Faransanci da Fulatanci da Hausa, ke koma baya, ke rufe can, mutum goma suna juyawa da maganarta kamar garke da makiyayi. Ƙwallo ta zo sama ta fita ta cafke ta a bisa kawunan mutane. Ta zo ƙasa ta kwanta mata a jar ƙasar nan ba ta ko duba gwiwarta ba. Na zo da faɗa cike da bakina, na neme shi na rasa.

Gab da hutun rabin lokaci alƙalin wasa ya ba abokan karawarsu bugun fenariti, daga mai bugu sai mai tsaron raga. Wani dattijo kusa da ni ya ce, "'Yar Damagaram ce, ku dai ku zuba ido." Na ga ta buga safar hannunta sau biyu, ta ɗan durƙusa. Aka buga ƙwallon can kusurwar sama ta hagu, inda ni dai na ce ba ɗan Adam da zai kai. Ta tashi. Ban san yadda zan faɗa muku ba sai haka: ƙafafunta duka biyu sun bar ƙasa, jikinta ya miƙe a iska, ta kama ƙwallon da hannu biyu ta faɗo da ita a ƙirji. Sai na ji wani ya ƙwala kira da ƙarfi:

"Saratu!"

Sai da mutane suka juyo suna kallona na gane ni ne. Shekara goma sha tara sunan nan yana cikin bakina, tun ranar da liman ya raɗa mata shi, ban taɓa barinsa ya fito ba. Ta juyo da ƙwallon a hannu. Ta dubi rawanin, ta dubi keken da ke gindin itace. Aka busa hutu.

Ba ta bi 'yan uwanta ba. Ta zagayo bayan raga, ta durƙusa har ƙasa a gaban duk jama'ar nan, da safar hannunta da ƙurar da ke fuskarta.

"Baba, sannunku da hanya. Ban taɓa jin sunana a bakinku ba, amma na gane muryar."

Ta ci gaba, kanta a ƙasa:

"Gwaggo ta ce an kai hoto gida. In kun zo tafiya da ni ne, ku bari in cire wannan in ɗauko kayana. Ba sai an gama wasan ba."

Da ta yi gardama da ta sauƙaƙa mini. Da na yi tsawa, na ja ta, na koma na bi zaure kaina a sama. Amma ta ɗora komai a hannuna, kuma na san in na ce tashi za ta tashi, ba za ta ƙara taɓa ƙwallo ba har abada. Na karɓi ƙwallon daga hannunta, ita ce wadda aka yi wa faci ɗazu. Na danna ta da babban yatsa. Tauri kamar ba a taɓa huda ta ba.

"Wa ya koya miki?"

"Ta ƙofar zaure nake leƙenku, Baba."

Na tuna Yaya, na tuna rantsuwarsa, kuma na san ba ya maimaita magana. Ban yi dogon tunani ba, kada in yi muku ƙarya. Usur ya sake kaɗawa, 'yan matan suna tsaye suna dubanmu. Na miƙa mata ƙwallon na ce:

"Tashi ki koma, ana jiranki."

Mako guda na yi a gidan Gambo. Na gyara kekunan 'yan ekip ɗin kaf, doguwar nan mai kuros ta kawo mini kifi daga gidansu. Ni da yayarku mun yi hirar da ba mu taɓa yi ba, ta ba ni labarin ranar da ta fara ganin kogi. Sunan dai ban sake iya faɗa ba, sau ɗayan nan ne. Komawa kuwa a babbar mota na yi, ni da keken a bisa buhuna, wannan ma jikokina su gyara labarinsu.

Na tarar da Yaya zaune a zaure. Na tsaya daga waje na yi sallama. Ya dubi bayana, ya ga ba kowa.

"Ina take?"

"Na bar ta, Yaya."

"Ka tuna abin da na rantse?"

"Na tuna."

Na tura kekena na zagaya ta lungu, na kira magini, kafin la'asar ya fasa katangar sashenmu ya fitar da ƙaramar ƙofar nan. Rumfata ma can na mayar da ita. Ba mu yi gabar da addini ya hana ba, muna gaisawa a masallaci, matanmu suna musayar kwano. Liman ya samu Yaya ya ce rantsuwa tana da kaffara, sai Yaya ya ce Habu ya zo ya nemi a yi ta. Aka gaya mini, na ce ai ba ni na rantse ba. Ku ga taurin kan tsofaffi biyu da suka sha nono ɗaya. Yayarku ta dawo bayan wasu shekaru da takardar koyar da wasanni, ta bi ta zaure ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa, har ya tambaye ta hanya. Ni dai ta lungu nake bi, shekara tara.

Ranar da na sake bin zauren nan, kafaɗata tana ƙarƙashin makararsa. Ya ce kada in bi yana raye, ban bi ba. Bayan sadakar uku matarsa ta kawo mini hoton nan, ta ce a cikin akwatinsa ta same shi, an yi masa kube na fata. Ban san dalilin da ya sa ya ajiye shi ba, kuma ba zan ƙirƙira masa dalili ba tunda ba ya nan.

Barin yayarku a filin nan ban taɓa nadamarsa ba ko na yini ɗaya. Abin da nake nadama shi ne na iya taka keke kwana ashirin da uku zuwa wurin 'yata, amma taku ashirin daga lungu zuwa zauren yayana ya gagare ni. Kada in ji wani cikinku ya zage shi a kan wannan. Ku yi simintinku, ku yi fenti, awaki kuma ku sa musu ƙyaure. Ƙofar dai ku bar mini ita, kuma in ranata ta zo, ta nan za ku fitar da ni.